ARAHAR MAGANI: WACCE CE TA GASKIYA, WACCE CE TARKO?

Wannan shi ne bayanin da wani ɗan'uwa masanin harhaɗa magunguna ya gabatar a wajen zaman ƙara wa juna sani da 'yan'uwa matasa suka shirya a Kano, a kan yadda mutum zai sami maganin da likita ya rubuta a farashi mai sauƙi ba tare da ya faɗa hannun 'yan jabu ba. Saboda muhimmancinsa aka ga ya dace a kawo shi ga masu karatu. A sha karatu lafiya.

Bayan sallama da godiya ga Allah, mai jawabin ya fara da bayyana dalilin da ya sa matasa aka tara domin wannan magana, alhali dattawa ne suka fi shan magani. Ya ce a yawancin gidajenmu idan likita ya rubuta wa Baba maganin hawan jini, ko ya rubuta wa Inna maganin ciwon suga, saurayin gidan ake miƙa wa takardar, domin shi ne mai iya karanta rubutun kwali, shi ne mai waya, shi ne kuma zai tsaya a gaban mai kanti ya ji farashi. To, a wannan tsayuwar ce ake yanke hukuncin da zai shafi ran tsoho, kuma sau da yawa tsohon bai ma san an yanke ba.

Ya ce idan kuɗi suka gaza abu uku mutane suka saba yi. Wani ya sayo na kwana goma a maimakon na wata guda, ya ce sauran sai an samu. Wani ya ce a riƙa sha yau a tsallake gobe don ya daɗe. Wani kuma ya nufi mai talla a tasha ko wani da ya gani a waya yana cewa nasa rabin kuɗi ne. A cewarsa dukkan ukun hanya ɗaya suke kai mutum, domin hawan jini ba ya jiran albashi, kuma wanda ya yi wasa da maganinsa yana iya wayar gari da shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda, sannan kuɗin wankin ƙoda na mako guda ya wuce abin da ake ƙoƙarin ragewa a wata da watanni. Ya ce akwai hanya ta huɗu, ita ce kuma dalilin wannan zama: araha ta gaskiya tana nan, amma sai an san inda take fitowa.

ME YA KAWO TSADAR?

Ya ce kafin a nemi mafita ya kamata a san tushen matsalar. Mafi yawan magungunan da ake sha a Nijeriya daga waje ake shigo da su, akasari daga Indiya da Sin, kuma ko kamfanonin da ke haɗawa a nan gida mafi yawan sinadaransu da dala suke sayowa. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. A watan Agustan 2023 kuma kamfanin GSK na Ingila, mai Ventolin na masu asma da Augmentin, ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkarsa da kansa a ƙasar nan ya bar wa dillalai, sannan Sanofi na Faransa ya bi sahu kafin ƙarshen shekarar. Farashin waɗannan magunguna ya ninninka a 'yan watanni.

Ya ƙara da cewa abin da ya sa ciwon ya fi zafi shi ne sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci da danginsa suke fitowa kai tsaye. Ke nan duk ƙarin da aka yi a tashar jirgin ruwa, a kan talaka yake sauka.

KOWANE MAGANI SUNA BIYU GARE SHI

Daga nan sai ya shiga abin da ya kira mabuɗin maganar. Ya ce kowane magani yana da suna biyu: sunan da kamfani ya raɗa masa don kasuwa, wanda ake rubutawa da manyan baƙaƙe, da kuma sunan sinadarin da ke yin aikin, wanda ake rubutawa ƙanana a ƙarƙashinsa. Norvasc sunan kasuwa ne, sinadarin da ke ciki amlodipine ne. Glucophage sunan kasuwa ne, sinadarin metformin ne. Ventolin salbutamol ne, Panadol kuwa paracetamol ne. Ya ce jikin mutum bai san sunan kamfani ba, sinadarin yake karɓa.

Ya yi bayanin cewa kamfanin da ya fara gano magani dokar cinikayya ta duniya tana ba shi shekara 20 shi kaɗai yake da ikon yin sa, a lokacin ne yake sa farashin da ya ga dama. Da wa'adin ya cika sai wasu kamfanoni su sami damar yin sinadarin nan da ƙarfinsa, kuma tun da ba su kashe kuɗin bincike ba, ga shi suna gasa da juna, sai farashi ya faɗi. Mafi yawan magungunan hawan jini da suga da ake rubutawa a asibitocinmu tsofaffi ne, wa'adin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa. Metformin tun 1957 aka fara ba masu ciwon suga shi a Faransa.

Domin a gane girman bambancin, ya kawo abin da ya faru a 2001. A lokacin maganin rage kaifin cutar ƙanjamau na shekara guda ya kai dala 10,000 zuwa sama a hannun manyan kamfanoni, sai kamfanin Cipla na Indiya, ƙarƙashin Yusuf Hamied, ya ce zai ba da haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. Wannan ne ya buɗe ƙofar da miliyoyin mutanen Afirka suka sami magani. Ya ce gwamnatin Indiya ma tun 2008 ta fara buɗe kantunan Jan Aushadhi masu sayar da magani da sunan sinadari, kuma a ƙarshen 2023 yawansu ya kai 10,000. A Amurka kuwa kantin Walmart ya fara sayar da maganin wata guda a kan dala 4 a 2006, sannan a 2022 attajiri Mark Cuban ya buɗe kantin intanet mai suna Cost Plus Drugs, wanda ke bayyana kuɗin da ya sayo magani, ya ɗora ribar kashi 15 cikin 100 da ladan aiki da kuɗin aikawa. Ya ce waɗannan kantuna mutanen ƙasashensu suke yi wa aiki, amma darasin ya shafe mu: duk inda aka ga araha ta gaskiya, to, sunan sinadari aka bi kuma aka rage dillalai a tsakani.

Saboda haka ya shawarci 'yan'uwa da su fara neman sauƙi tun a ɗakin likita. Kada a ji nauyin cewa, likita, ƙarfinmu bai kai ba, a rubuta mana da sunan sinadari, ko akwai wani mai sauƙin kuɗi da zai yi wannan aikin? Ya ce likita ya fi son ya rubuta abin da za a iya saye duk wata a kan ya rubuta mai tsada a sha sau ɗaya a daina.

Sai dai ya yi gargaɗin cewa akwai magungunan da ba a sauya kamfaninsu sai da sanin likita, domin ɗan bambanci kaɗan a cikin jini yana iya kawo matsala, kamar maganin farfaɗiya, da warfarin na tsinka jini, da maganin ciwon maƙoƙo. Haka nan ƙwayar da aka yi ta don ta riƙa narkewa sannu a hankali ba a raba ta biyu don tattali, kuma ba a musanya ta da mai narkewa nan take.

YADDA AKE GWADA FARASHI

Ya ce magani ba shi da farashi ɗaya a gari, kantuna biyu a titi guda suna iya bambanta sosai, saboda haka wanda zai sayi maganin da za a sha har tsawon rai bai kamata ya tsaya a kanti ɗaya ba. A tambayi kantuna uku masu rajista, a haɗa da ɗakin magani na asibitin gwamnati, domin sau da yawa nasu yakan fi sauƙi idan akwai shi. Matambayi ba ya ɓata, in ji shi.

Amma ya ce a lura da abu uku wajen gwadawa: sunan sinadari, ƙarfinsa, da yawan ƙwayoyin da ke cikin kwali. Amlodipine mai miligiram 5 daban, mai 10 daban. Ya ba da misali da cewa a ƙaddara wani kwali Naira 2,800 ne mai ƙwaya 28, wani kuma Naira 1,500 mai ƙwaya 10. Mai gaggawa zai ɗauki na biyun yana murna, alhali ƙwayarsa ɗaya Naira 150 ce, ta farkon kuwa Naira 100. A raba kuɗi da yawan ƙwaya, a nan gaskiya take fitowa. Kuma idan likita ya tabbatar maganin ya karɓi majinyaci, sayen na wata biyu ko uku a lokaci guda yakan sa a yi ragi, muddin wa'adinsa da sauran nisa.

Ya bambanta wa 'yan'uwa tsakanin famasi da kemis. Famasi shi ne kantin da ke ƙarƙashin masanin harhaɗa magunguna, yana da lasisin hukumar PCN mai kula da wannan sana'a, wanda ake sabuntawa duk shekara kuma ake rataye shi a bango. Mai kemis na unguwa shi ma yana da nasa lasisin, amma iyakarsa ƙananan magungunan da ba sa buƙatar takardar likita. Ya ce mai kemis yana da amfaninsa a unguwa, sai dai takardar likita famasi ake kai ta.

KANTUNAN INTANET

Da ya zo kan sayen magani ta waya, ya ce abin yana da amfani na zahiri. Manyan kantunan magani masu rassa a biranen ƙasar nan suna da shafuka inda suke sa farashi a fili, saboda haka ko mutum ba zai saya a can ba, yana iya dubawa ya san kimar abu kafin ya fita, kada a yi masa cuwa-cuwa. Wanda kuma ya rasa wani magani a garinsu yana iya samun sa ta wannan hanya. Tun 2021 hukumar PCN ta fitar da ƙa'idojin kantin intanet, inda ta wajabta masa yin rajista da kasancewa ƙarƙashin masanin harhaɗa magunguna mai lasisi.

To amma, in ji shi, a intanet ɗin ne tarko ya fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bayyana cewa fiye da rabin magungunan da ake saye daga haramtattun shafukan da ke ɓoye adireshinsu jabu ne, kuma tun 2008 'yan sandan duniya na Interpol suke kai samame mai suna Pangea a kan irin waɗannan shafuka. Ya lissafa alamomin da za a gane na kirki: yana da kanti na zahiri da adireshin da za a iya zuwa a gani, yana nuna shaidar rajistarsa, yana neman a tura masa hoton takardar likita kafin ya sayar, akwai masani da za a yi magana da shi, kuma yana ba da rasit mai sunan kanti. Wanda ya ce ba ya buƙatar takardar likita, ko ya ce a tura kuɗi asusun wani mutum, ko kuma duk shagonsa bai wuce lambar WhatsApp da hotuna a Facebook ko TikTok ba, to, a yi nesa da shi. Idan farashinsa ya yi ƙasa da na kowa a gari ƙwarai da gaske, a tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ya ce a riƙa haɗa kuɗin kawowa a cikin lissafi, domin ragin Naira 500 ba shi da amfani idan ɗan aike zai karɓi 1,500. Sannan akwai maganar zafi. Yawancin ƙwayoyi ana son a ajiye su a ƙasa da digiri 30, allurar insulin kuwa tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta kafin a buɗe. Insulin ɗin da ya wuni a akwatin ɗan acaɓa ko a bayan mota a watan Afrilu, ko da na gaske ne, ƙarfinsa yana iya raguwa, kuma ido ba zai gane ba. Duk wanda ba zai kawo shi a cikin sanyi ba, kada a saya a wurinsa.

INDA ARAHA TAKE ZAMA HALAKA

A nan ya tunatar da cewa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. A 1990 yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan bayan shan ruwan paracetamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba mai kashe ƙoda. Wannan gubar ce ta sake kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009 ta hanyar maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, ita ce kuma aka samu a magungunan tari da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Ya ce jabun maganin hawan jini ya fi wuyar ganewa, domin tsoho zai yi ta sha yana ganin yana kan magani, alhali garin alli yake haɗiya.

Saboda haka ya koyar da binciken da kowa zai iya yi a tsaye a gaban kanti. A duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, sannan a shiga kundinta na intanet mai suna Greenbook a ga ko lambar ta dace da sunan maganin da kamfaninsa, domin 'yan jabu ma suna buga lamba. A duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar rukuni, a tabbata wanda ke jikin kwali shi ne a jikin katin ƙwayoyin. Idan maganin zazzaɓin cizon sauro ne ko na kashe ƙwayoyin cuta, a nemi wurin kankarewa irin na katin waya, tsarin da aka fara a 2010, a tura lambar ta saƙon tes kyauta a jira amsa. Kada a karɓi ƙwayoyin da aka ƙirgo a leda babu suna babu kwanan wata. Bayan an fara sha kuma a riƙa auna jini ko suga, domin awo ne zai nuna ko maganin yana aiki.

Ya ce wasu suna ganin kasuwar 'yan sari ita ce mafita. A watan Fabrairun 2024 NAFDAC da PCN sun rufe shaguna sama da 1,000 a yankin Sabon Gari, aka umarci 'yan sarin magani su koma cibiyar da aka gina musu a Dangwauro a kan hanyar Zariya, a Fabrairun 2025 kuma NAFDAC ta kai samame kasuwannin magani na Onica da Aba da Idumota ta Legas, ta kwashe jabu da waɗanda wa'adinsu ya wuce masu ɗimbin yawa. Ya ce cibiyar sari an yi ta ne domin masu kanti da asibitoci. Mai takardar likita guda ɗaya famasi ne wurinsa, inda za a duba takardar a gaya masa yadda ake sha.

ABIN DA AKE SAMU KYAUTA KO DA RAGI

Ya ja hankalin 'yan'uwa da cewa akwai abubuwan da mutane ke biya saboda rashin sani. Maganin tarin fuka na wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, haka maganin ƙanjamau da na kuturta da rigakafin yara. Akwai kuma inshorar lafiya: a 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA, kuma a tsarin ma'aikatan gwamnatin tarayya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani majinyaci yake biya. Akwai tsarin da wanda ba ma'aikaci ba zai shiga da kansa, Jihar Kano ma tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Ya ce gidan da ke da mai ciwon da ba ya rabuwa da magani ya kamata wani ya je ofishinsu ya ji sharuɗɗa ya yi lissafi. Ya ƙara da cewa yin gwajin jini kafin sayen maganin zazzaɓi shi ma tattali ne, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba.

TAMBAYOYI

Da aka ba da damar tambaya, wani ɗan'uwa ya tambayi ko maganin Indiya ya kai na Ingila kyau. Ya amsa da cewa ƙasa ba ta yin magani, kamfani ne yake yi. A Indiya akwai kamfanonin da Ingila da Amurka da kansu suke sayen magani a wurinsu, akwai kuma irin wanda ya yi maganin tarin da ya shiga Gambiya. Abin dubawa shi ne rajista, da kantin da aka saya, da sakamakon awo. Idan aka dace da kamfanin da maganinsa ya karɓi majinyaci, a riƙe sunansa a ci gaba da shi.

Wani kuma ya tambaya game da bidiyon da ke yawo a waya na masu cewa suna raba mutum da ciwon suga ko hawan jini a mako biyu. Ya ce waɗannan cututtuka lallaɓa su ake yi da magani da gyaran abinci da motsa jiki, kuma duk wanda ya ce a ajiye maganin likita a koma nasa, kuɗi yake nema. Ya yi gargaɗin cewa yanzu ana iya haɗa bidiyon ƙarya da fuska da muryar wani sanannen likita ko malami, don haka ganin fuskar da aka sani bai isa hujja ba.

A ƙarshe ya roƙi kowane ɗan'uwa da ya koma gida ya ɗauko kwalayen maganin iyayensa a daren nan, ya rubuta sunan sinadarin kowanne da ƙarfinsa da ranar da zai ƙare a takarda guda, ya ajiye hotonta a waya. A fara neman na gaba saura mako guda ya ƙare, domin wanda magani ya yanke masa da dare ba shi da zaɓin kanti, ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan'uwan da iyayensu ke shan magani iri ɗaya kuma suna iya haɗuwa su je famasi guda mai rajista, kowa da takardarsa, su nemi ragi. Ya ce takardar nan da ake miƙo wa saurayi amana ce, kuma kiyaye ta yana cikin haƙƙin iyaye a kansa. Daga nan aka rufe zaman da addu'ar Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kuma yalwata wa masu ɗawainiya da su.